Keken da zai iya gangaren Abono

Da yammacin wata Asabar ɗan ƙanwata ya iso rumfata a Aboabo, wata unguwa a birnin Kumasi na Ghana, yana jan keke, ba a kansa yake ba. Tayar baya na gogar firam, kaca ta saki tana lilo, shokzobar tsakiya kuwa sai kuka take kamar ƙyauren langa-langa da ya shekara bai ga mai ba. Wata 4 ke nan da ya saye shi sabo dal, har da ledarsa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Kawu, don Allah a duba mini shi." Ban amsa ba sai da na kama sirdi da kan keken na ɗaga shi sama. Daga nauyin da na ji na san inda zancen ya dosa.

Na haura shekara 20 ina gyaran keke a wannan unguwa, kuma irin wannan keken ba baƙo ba ne a wurina. Abin da ya sa na zauna rubuta lamarin daki-daki shi ne, wannan karon komai a gabana aka yi: kuɗin da aka tara, hanyar da ake bi, keken da ya mutu, waɗanda muka duba muka bari, wanda muka ɗauka, har da kuskuren da ni kaina na tafka. Samarinmu na Zango sun raja'a kan keken hawan tudu, wanda 'yan kasuwa ke kira mawuntin, amma da yawansu fenti da sifirin suke saye, ba keke ba.

Hanyar da keken zai bi

Yaron ya sami aiki ne da wani kamfanin sayen koko. Aikinsa ya zagaya gonaki, ya yi wa manoma rajista, ya taka iyakar gona yana aunawa da waya, ya koma ya ga yadda ake shanyar 'ya'yan kokon. An tura shi yankin tafkin Bosomtwe, kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi. Ya kama ɗaki a Kuntanase, wani gari kusa da tafkin, sai ƙarshen mako yake dawowa gida.

Wanda bai taɓa zuwa ba, ya ɗauka wata ƙatuwar ƙwarya ce aka binne a ƙasa, da ruwa a gindinta. Masana sun ce dutse ne ya faɗo daga sama ya haƙa ramin, shekara sama da miliyan 1 da ta wuce. Faɗin ruwan ya kai kilomita 8, tuddai sun kewaye shi ta ko'ina, ƙauyuka fiye da 20 na zaune a gefensa. Duk mai zuwa Abono ko wani ƙauyen bakin ruwa sai ya fara haura bakin ƙwaryar, sannan ya bi dogon gangare mai kwana-kwana. In zai dawo kuma, a cinya zai ji. Da ka bar babban titi, sai jar ƙasa da turbar ƙafa tsakanin itatuwan koko, ga saiwa a kwance, ga busasshen ganye ya rufe ramuka, ga rafuffukan da ake ƙetarewa a kan gungume. Damina biyu muke yi a nan, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama a Satumba da Oktoba, saboda haka kusan rabin shekara cikin taɓo ake aiki. Jar ƙasar nan in ta jiƙe tana manne wa taya kamar danƙo, in ta bushe ta zama gari mai cin ƙarfe.

A rana yakan yi kilomita 25 zuwa 35, da jaka a baya: littafin rajista, batirin cajin waya, gorar ruwa, rigar ruwa. Tsawonsa santimita 168, kuma ba shi da jiki. Babur ya fi ƙarfin aljihunsa, ko da akwai ma, ba a saɓa babur a kafaɗa a hau gungume. Waɗannan su ne abubuwan da ya kamata a baje a gaba kafin a doshi shago. Shi kuwa da mahaifiyarsa ta kwashi adashinta, wanda a nan muke ce wa susu, ta damƙa masa, sai ya wuce wani shago cikin gari ya nuna wanda ya fi sheƙi. Bai biyo ta wurina ba don ya san abin da zan ce, wato a sayi na hannu. Saurayi ba ya son ya shiga sabon aiki a kan tsohon keke. Ban ga laifinsa sosai ba.

Abin da na tarar a ciki

Na rataye keken a ma'auni, kilo 19. Bututun firam ɗin manya-manya ne don su yi kama da alminiyam, amma da na ɗora maganaɗisu sai ya kama ƙam. Baƙin ƙarfe ne na araha, mai kauri.

Shokzobar tsakiya ita ta ja masa ido, ita ce kuma babbar cutar. Shokzoba ta gaskiya abu biyu ce a haɗe: sifirin ko iska mai karɓar duka, da mai a ciki wanda ke bi ta ƙananan ƙofofi yana rage saurin dawowa. In babu man nan, sifirin ne tsirara. Ka faɗa rami ya lotsa, ya cilla ka sama. Ka taka feda a tudu ya riƙa durƙusawa yana miƙewa, ƙarfin da ya kamata ya kai ga taya ya ƙare a rawa. Mahaɗar da ɓangaren baya ke juyawa a kanta kuma babu boris a ciki, roba ce kawai, jar ƙasa ta riga ta cinye ta. Shi ya sa tayar baya ke kaɗa wutsiya tana gogar firam. An ɗaure yau, jibi ta sake.

Da na cire wilin baya, sai ga aksil ya lanƙwashe kamar baka. Wannan halin firiwil ne. Haƙoran baya iri biyu ake yi. A firiwil, ana murɗa tarin haƙoran ne a jikin cibiyar wili kamar murfin kwalba, sai boris na dama ya koma can ciki, ya bar wani yanki na aksil a sarari ba abin da ya tallafe shi. Kan kwalta ba ka sani ba. A rami da saiwa kuwa, yankin nan ne ke karɓar duka har ya tanƙware ko ya karye. A tsarin kaset ana zura haƙoran ne a kan wani bututu, boris yana can bakin aksil kusa da firam, shi ya sa yake jurewa. Mai sayen mawuntin don aiki, in ya san wannan bambancin kaɗai, ya tsira daga asara babba.

Rim ɗin mai bango ɗaya ne, ya riga ya karkace. An rubuta giya 21 a jikin keken, amma mafi sauƙinsu haƙori 28 ne a gaba, 28 a baya. Ka juya feda sau ɗaya, taya ta juya sau ɗaya, ka ci kimanin mita 2. Da kilo 19 da jaka, a tudun Abono, wannan ba giyar hawa ba ce. Ya ce tun makon farko daga rabin tudu turawa yake.

Na ce masa, "Ɗana, zan iya tayar da shi ya yi yawon cikin Zango. Amma in ka mai da shi Bosomtwe, kafin wata ya mutu kana nan tafe da shi a hannu." Ya yi shiru, can ya ce, "To Kawu, kuɗin Mma fa?" Ba abin da ya sosa mini rai irin wannan tambayar, domin na san wata nawa ƙanwata ta yi tana zubi. Na gyara abin da ke gyaruwa, muka sayar wa wani ɗalibi da ba ya barin kwalta, bayan na gaya masa halin keken tsakani da Allah. Abin da ya dawo bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Yaron ya haɗa da albashin wata biyu, ni ma na sa abin da ya sawwaƙa.

Kafin mu sake fita da kuɗi na zaunar da shi a benci, na ce sai ya san abin da yake nema. Mawuntin sunan gida guda ne, amma 'ya'yan gidan kowa da halinsa, kuma hanya mafi sauƙi ta gane su ita ce tsawon lotsawar shokzoba. Na cin dogon zango, irin wanda ake tsere da shi a gasar Olamfik tun ta Atlanta a 1996, yana lotsawa milimita 100 zuwa 120, ba shi da nauyi, don hawa da nisa aka yi shi. Sai na tsaka-tsaki, 120 zuwa 150, na masu yawon daji don nishaɗi. Sai enduro, 150 zuwa 180, wanda yakan hau tudu a daddafe amma gangara ce sana'arsa. Sai na gangara zalla, wajen milimita 200, wanda masu shi ma a mota suke kai shi saman dutse. Akwai kuma mai ƙatuwar taya, kusan inci 4 ko fiye, na yashi da ƙanƙara. Samari suna son shi don kallo, a turbar koko kuwa jan wahala ne.

Ta wani gefen ana raba su uku: mara shokzoba sam, mai ta gaba kaɗai, da mai gaba da baya. Ba wai ina ƙin mai biyu ba ne. Na gyara na gaske, na hau, na ji yadda tayar baya ke lafewa a ƙasa ba ta tsalle. Amma na gaske mahaɗunsa cike suke da boris, ga shokzobar iska mai neman famfonta na musamman da robobin da ba za ka samu a ƙauye ba. Kuɗin da zai sayi sabon mai biyu na banza, shi zai sayi mai ɗaya na kirki na hannu. Yaron nan ba tsalle-tsalle zai je yi ba, aiki zai je. Muka tsayar da magana a kan na dogon zango, mai shokzobar gaba kaɗai.

Kekuna uku

Muka tafi wurin wani mai sayar da hom-yus da na daɗe da sani, irin kekunan da ake shigo da su daga Turai da Amurka a kwantena ta tashar jiragen ruwa ta Tema, an cire feda, an karkatar da kai, an jibge su kan juna. A tarin nan akwai zinariya akwai tarkace, kuma ba da ido kaɗai ake rarrabewa ba. Uku muka ware.

Na farko ya kwanta masa a rai. Wili inci 29, firam alminiyam, farantin kaca ɗaya a gaba, haƙora jere 12 a baya, birkin mai, fok na iska, wato ƙafafun da ke riƙe wilin gaba, inda shokzobar gaba take. Keke ne na zamani, babu ja. Babban wili yana haye saiwa da rami ba tare da ya cije ba, shi ya sa ya mamaye kekunan tsere. Tsarin faranti ɗaya kuma, wanda kamfanin SRAM ya yaɗa daga 2012 ya kai shi jere 12 a 2016, ya rage tarkace da yawan faɗuwar kaca. Sai dai girman firam ɗin L ne, wato babba. Na ce ya tsaya a kansa ƙafa biyu a ƙasa, sandar sama ta taɓa shi. A turbar da mutum zai dira ba shiri sau goma a rana, wannan kaɗai ya isa a haƙura. Da ya hau, sai da hannunsa ya miƙe ƙam kafin ya kai ga birki. Sirdi ana ɗaga shi a sauke, firam kuwa yadda aka haife shi haka zai mutu. Na ƙara masa da abin da idonsa bai kai ba. Kacar jere 12 siririya ce, tana da tsada, kuma ba kowane mai kayan keke ke ajiye ta ba. Taya da tif na 29 sai an shigo gari. Ga wani karce a ƙafar fok, a sashen mai sulɓi da ke shiga yana fita, har farcena yana maƙalewa a ciki. Karcen da farce ya ji, zai yanka robar da ke tsare mai da iska. Ya ce, "Kawu, ai zan saba da shi." Na ce takalmin da ya yi wa ƙafa yawa ba a saba masa, tuntuɓe kawai ake ta yi.

Na biyu mai shokzoba biyu ne na gaske, wili 27.5, firam na kabon, kuma farashinsa ya faɗi har ya ba ni tsoro. Na ɗauki tsabar kuɗi na bi bututun ƙasa ina ƙwanƙwasawa. Ko'ina ƙara mai kaifi, sai wuri guda kusa da inda fenti ya ɗaye, ƙarar ta dushe. Kabon ba ya lotsawa ya nuna maka ciwonsa kamar ƙarfe. Zarensa ne ke rabuwa a ciki, waje lafiya lau, rana tsaka ya karye. Ƙarfe in ya tsage, ka kai Magazin, matattarar makanikai ta Suame a Kumasi, a yi maka walda kafin la'asar. Alminiyam, irin 6061 da aka fi yin firam da shi, ba a amince wa waldar bakin titi a kansa, domin bayan walda sai an sake gasa shi a tanda ta musamman kafin ƙarfinsa ya dawo. Kabon kuwa ba aikin rumfa irin tawa ba ne. Muka mayar da shi. A nan mai kayan ya kawo zancen firam ɗin gora da ake haɗawa a nan Kumasi, irin na Ghana Bamboo Bikes Initiative ta Bernice Dapaah. Abin alfahari ne a ce daga ƙasarmu yake fita, amma mu ranar kuɗin hom-yus ke hannunmu.

Na uku yana can ƙarƙashi ba wanda ya kula shi. Fentinsa ya koɗe, sirdi ya yage, tayoyi sun tsattsage. Wili inci 26, firam alminiyam mai girman inci 17. Yaron ya tsaya a kansa, tsakaninsa da sandar sama akwai faɗin yatsu huɗu. Na goge mahaɗun walda da tsumma ɗaya bayan ɗaya, na wuya, na gindin feda, na bakin sandar sirdi, na kusa da wilin baya, ina neman siririn layin tsaga, babu. Na kwance sandar sirdi ta fito salin-alin, ba ta yi tsatsar da ke manne ta da firam ba. Na zagaya zare daga ƙarshen baya ta wuya zuwa ɗaya ƙarshen, tazarar zaren da bututun sirdi daidai take hagu da dama, alamar firam bai karkace ba. Na matse birkin gaba na girgiza keken, wuya bai yi ƙwas-ƙwas ba. Na kifa shi na karanta lambar da ke ƙarƙashin gindin feda, na sa mai kayan ya rubuta ta a rasit, domin keken sata ma yana yawo a kasuwa.

Kayan giyarsa na Shimano ne, faranti 3 a gaba, kaset mai jere 8 a baya. Matakan kayan Shimano na hawan tudu suna tashi ne daga Tourney, Altus, Acera, Alivio, Deore, SLX, XT har XTR. Wannan Acera ne da Alivio a gauraye. Ba na gasa ba ne, amma masu jure wuya ne. A kula, akan sa macanjin giya na baya mai babban suna don shi ido ke fara gani, sauran kayan kuwa na ƙasa ne, saboda haka a duba maɓallan hannu da cibiyar wili ma. Ƙaramin farantinsa haƙori 22, babban haƙorin baya 32. Juyin feda ɗaya yana ba da kusan mita 1.4, wato ya fi na wancan sauƙi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Rim mai bango biyu, sifok 32. Fok na SR Suntour mai sifirin, milimita 100, da maɓallin kullewa in za a hau tudun kwalta. Ba wani fok na a zo a gani ba ne, amma ana buɗe shi da sifana a wanke a sa giris. A ma'auni kilo 14.

Wasu za su ce inci 26 ya zama tsohon yayi, kuma a Turai haka ne. A nan kuwa shi ne tayar da za ka samu kusan duk inda ake gyaran keke. Kacar jere 8 ita ce dai ta jere 6 da 7, tana ko'ina. Bawul ɗinsa irin na mota ne, kowane mai faci zai ba shi iska, ba siririn nan da sai an nemo masa baki ba. Ga ramukan ɗaura kariya a firam. Yaron bai yi murna ba. Ya kalli keken, ya kalle ni, ya ce, "Duk yadda ka ce, Kawu."

Kashi uku cikin huɗu na kuɗin muka ba mai kayan, sauran na riƙe da gangan, domin keken hannu ba a kashe masa kuɗi duka a ranar saye. Na auna kaca da rula. Gaɓa 12 cikakku na sabuwar kaca inci 12 ne cif. In ta ƙaru da kashi ɗaya cikin 16 na inci a canja ta, in ta kai ɗaya cikin 8 to ta riga ta ci haƙora. Tasa ta kai, sai muka canja kaca da kaset tare. Sababbin wayoyin birki da giya, giris a kowane boris, sirdi, kariya, tayoyi masu faɗin inci 2.1 masu haƙora warwatse don taɓo ya riƙa zubewa. Ban sa dogon madigadi ba, jar laka takan cushe tsakaninsa da taya har wili ya tsaya. Na saya masa famfon hannu, tif, kayan faci, hular kwano, da ƙaramar ƙugiyar da macanjin baya ke rataye a jikinta, wadda aka yi ta don ta lanƙwashe a madadin firam in an faɗi. Kowane firam da irin tasa, ba a neman ta ranar da ta karye.

Na daidaita sirdi yadda in ya ɗora diddige a feda tana ƙasa ƙafarsa za ta miƙe. Na ja masa kunne kan iska, domin mai faci ya saba da tayar mota, zai ɗura har taya ta zama dutse. Ga mai nauyi irin nasa, iska fam 30 a ma'auni ko ƙasa kaɗan ta ishe shi, taya ta ɗan kwanta ta kama ƙasa. Kaca kuma mai kaɗan, a goge da tsumma, ba baƙin man inji ba.

Inda na yi kuskure

Birkin keken irin mai matse rim ne da roba, wanda muke ce wa bi-birek. Firam da fok duk suna da mazaunin birkin faifai, na gani, amma na bar shi yadda yake. Hujjata ita ce robar birki tana ko'ina, kowane yaro ya iya ɗaure ta. Cikin hunturu muka sayi keken, kuma wata uku ba a ji komai ba sai alheri. Ya hau tudun Abono bai sauka ba, ya kira ni daga sama yana haki yana dariya.

Da ruwa ya sauka sai lissafina ya rushe. Rim shi ne kusa da ƙasa, shi ke fara shiga taɓo. In ya jiƙe, sai wili ya yi 'yan juyi roba ta share ruwan kafin birki ya fara ci, kuma a gangare 'yan juyin nan mita ne masu yawa. Jar laka tsakanin roba da rim kuwa dutsen niƙa ce. Cikin mako 3 robobin suka ƙare. Wata safiya bayan ruwan dare ya matse birki a wata kwana, keken bai saurare shi ba, ya wuce cikin kwalbati. Hannu da kwankwaso suka ɗaye, hular kwano ta tsage a gefe. Allah ya taƙaita. Da ƙanwata ta kira ni, kafin ta gama magana na san laifina ne. Na auna samuwar kayan gyara, na auna tudu, amma ban ba gangare cikin ruwa haƙƙinsa ba, alhali shi ne wurin da rai ke ciki.

Tun asalin wannan keken ma birki ne matsalarsa ta farko. Samarin gundumar Marin a Kalifoniya da suka fara tseren gangara a 1976 da tsofaffin kekuna masu birkin cikin cibiya, zafi yakan ƙone girisin kafin su kai ƙasa, sai an sake cusa wani. Daga nan tseren ya sami sunansa, Repack, wato sake cusawa. Daga cikinsu ne su Joe Breeze da Gary Fisher suka fito, kafin kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper kasuwa a 1981. Na san wannan labarin tun tuni, bai hana ni yin sakaci ba.

Birkin faifai iri biyu ne, mai aiki da mai da mai aiki da waya. Na mai ya fi ƙarfi, ya fi taushi a yatsa, yana daidaita kansa yayin da takalmin birki ke cinyewa. Da a Kumasi yaron yake kwana kullum, shi zan sa. Amma in reshe ya fizge tiyon a cikin gona, babu birki sai an dawo gari. Ga wata ɓarna da na sha gani: birkin Shimano da man ma'adini yake aiki, sai wani ya ɗura masa man birkin mota, robobin ciki su kumbura, birki ya mutu gaba ɗaya. Na waya kuwa da wayar birki ta kullum yake aiki, kuma hannun bi-birek ɗin da ke kan keken ya dace da shi, ba sai an canja ba. Lahaninsa shi ne sai an riƙa matso da takalmin da hannu, aikin minti biyu da makulli ɗaya, kuma na koya masa.

Faifai ba ya zama sai a cibiyar da aka yi dominsa, saboda haka sai da muka nemo wilin gaba mai mazaunin ƙusa 6. Na sa faifai mai milimita 180 maimakon 160, bayan na tabbatar fok ɗin zai ɗauka, domin babban faifai ya fi ƙarfin tsayarwa kuma ya fi saurin huce zafi a dogon gangare. Gaba kaɗai muka yi, kuɗi bai kai baya ba, kuma dama birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayawa. Yaron yana tsoronsa, kamar yawancin masu keke, wai zai kifar da shi. Na kai shi wani gangare bayan unguwa, muka yi ta maimaitawa: a ja gindi baya, a sauke diddige, a matse kafin kwana ba a cikinta ba, a saki a sake matsewa maimakon a riƙe tun daga sama har ƙasa. Kuma ko ɗigon mai kada ya taɓa faifan.

Da wannan ya ƙarasa babbar damina, ya shiga ƙarama ya fita. Kaca ɗaya ya canja, takalmin birki sau biyu, ƙugiyar macanji ta yi amfaninta ranar da wani reshe ya shige masa wili. Fok na buɗe shi sau ɗaya, na tarar ruwa ya shiga ƙafar hagu, na wanke na cika giris. Aksil yana nan a miƙe.

Makon jiya da ya zo na shafa gefen rim ɗin baya da yatsa, ya fara zurfi kamar cokali. Roba da laka sun ci bangonsa, in aka bar shi wata rana iskar taya za ta fasa shi. Na riga na sami wilin baya mai cibiyar faifai da kaset, yana rataye a ƙusa cikin rumfa, yaron yana biya kaɗan-kaɗan. Saura biya ɗaya. Na ce ya kawo keken Asabar mai zuwa in ɗaura, ko kuɗin sun cika ko ba su cika ba, domin hadari ya fara haɗuwa ta wajen Ejisu.